Ranar da Bature ya je ba Babana haƙuri

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan manta da ranar da Bature ya durƙusa a zauren gidanmu saboda kalma guda ba.

Lokacin ina aiki a wata masana'antar jima a Challawa, ni ke kan injin aske fata. Injin yana da wani maɓalli da ke kashe shi da zarar hannu ya matso kusa da wuƙa. Ni kuwa na ga ɓata mini lokaci yake yi, sai na samo tsohuwar robar tayar keke na ɗaure shi tam. Shekara biyu ina taƙama da wannan dabara.

Ana nan aka kawo wani injiniya daga Ingila ya duba injina. Yana ganin robar ya tambayi wanda ya ɗaura. Na buga ƙirji na ce ni ne, ina jiran yabo. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Git!"

Ba na jin Turancinsu, amma zagi ba ya buƙatar tafinta. A wurinmu kuma zagi hawa-hawa ne: a ce maka wawa ka haɗiye, amma a taɓa iyaye, to an taɓo magana. Abokan aiki suka yi ta zuga ni, ni kuma da ɗaukar zafi na ce, "Wallahi in kalmar nan ta taɓa ubana, na bar aikin nan!" Na faɗa ne kawai, alhali ba ni da wata sana'ar, ga iyali.

Kwana uku ina bin diddigin kalmar. Foman ɗinmu, da ya fi kowa Turanci, ya ce bai taɓa jin ta ba. Daga ƙarshe muka dangana da Hajiyar ofishin ma'aikata, ta sa aka kira Baturen. Ya ce a garinsu ƙaramin abu ne, kamar ka ce sakarai, ko abokai suna faɗa wa juna. Na fara ajiyar zuciya ke nan sai Hajiya ta ce bari dai ta duba a waya. Ta gyara tabarau ta karanta: asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin abin da aka haifa, a arewacin ƙasarsu kuma da ita ake kiran ɗan da ba shi da uba.

"Wato shege," in ji foman.

Rantsuwa ta kama ni. Shi kansa Baturen baki buɗe, ya ce tun yana yaro yake faɗarta bai san haka ba. Ya ba ni haƙuri, foman ya ce ai ba ni aka zaga ba, mai haƙƙi yana gida.

Haka muka ɗunguma ƙauyenmu da ƙullin goro. Muka tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bature ya cire takalmi ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Foman ya zayyana komai. Baba ya ce, "To me yaron ya yi masa?"

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Da aka zo kan robar, Baba ya ajiye fartanya ya dube ni.

"Wato abin da aka sa don ya tsare maka hannu shi ka ɗaure? Shegen yaro!" Ya juya ga foman. "Ku gaya wa baƙon nan ai ya ma yi masa da sauƙi. Zagin nawa ne, na yafe. Kai kuma ka yi kaffarar rantsuwarka, gobe ka koma aiki."

Da aka fassara masa, Bature ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Kunya kamar ta kashe ni, amma a raina daɗi nake ji, aikina ya tsira.

Abin da na koya shi ne: kwana uku na yi ina tonon asalin zagi, ban yi minti ɗaya ina tambayar abin da ya sa aka zage ni ba. Yau in aka faɗa mini magana mai zafi, laifina nake fara dubawa. Yatsuna goma kuma har yanzu suna nan cif.