Rahoton Goggo Hajo

Ranar Litinin ce, tsakiyar damina. Bayan sallar asuba na share tsakar gida, na sha kunu, na nufi ɗan asibitin ƙauyenmu, inda nake aikin koyo a hutun makaranta. Malam Umaru, mai kula da asibitin, ya damƙa mini wayar aiki, don ya ce ba na tsallake ko layi ɗaya. Duk Litinin ni ke tura rahoton cututtuka zuwa Kalgo. Ko babu mara lafiya sai an tura "babu".

Ranar akwai. Goggo Hajo, ƙanwar babana, ta kwana tana amai da gudawa. Na same ta ana mata ƙarin ruwa, kuma ledar ita ce ta ƙarshe. Idan rahoto ya isa da wuri, mota za ta kawo wani ruwan kafin la'asar. Na shigar da sunanta, da shekarunta, da cutar da muke zargi. Ta riƙe gefen hijabina. Na zare hannunta a hankali, na fita.

Babu sabis a cikin gari. Sai an hau tudun bayan maƙabarta, an ɗaga waya sama. Can nake tsaye da hantsi, hannuna a sama, ƴar da'irar nan tana ta juyawa a fuskar wayar.

Kukan shanu na fara ji, daga rugar yamma. Sai ƙarar babura. Sai harbi, ɗaya-ɗaya, daga baya ba ƙaƙƙautawa. Daga kan tudun ina ganin komai. Hayaƙi ya tashi daga rumbuna. Babura biyu suka tsaya a ƙofar asibiti. Na ga farar rigar Malam Umaru ta leƙo, ta koma ciki.

Ban sauke hannuna ba. Da'irar ba ta gama juyawa ba.

Wani mai bindiga a kan babur ya hango ni daga gindin tudun.

"Ke mai waya! Sojoji kike kira? Tsaya nan!"

Na gangara ta ɗaya gefen, na faɗa cikin gero. Laka ta riƙe takalmina ɗaya. Na kwanta rub da ciki, wayar a ƙarƙashina. Babur ya zagaya gonar, ya sake zagayawa, ya yi nisa. Tururuwa suka hau wuyana. Ban motsa ba.

Da azahar na haɗu da matan unguwarmu a bakin fadama. Inna na cikinsu, goye da ɗan maƙwabciya. Ta dube ni, ta dubi bayana, babu Goggo. Ba ta tambaya ba.

"Ku tashi! Kada kowa ya bi titi!" in ji wani dattijo.

Muka ratsa gonakin shinkafa, ruwa har gwiwa. Duk wanda ya cim mana sai in tambaye shi labarin asibiti. Babu wanda ya biyo ta can.

Bayan la'asar muka hango turakun lantarki na Kalgo. Wayar ta motsa a cikin zanena. Na ciro ta. "An tura."

Jami'ar sa ido kan cututtuka ta Kalgo ta kira nan take. Ta ce an loda ruwan a mota, amma an rufe hanya.

Sai da ƙura ta lafa maza suka koma. Sun sami Malam Umaru a bakin ƙofar asibiti, suka yi masa sutura. Gadon Goggo babu kowa. Ledar ruwan tana rataye, da sauran rabi a ciki. Aka duba gonaki, aka leƙa rijiyoyi. Baba ya je har Gwandu, ya bi gidajen da suka sauki ƴan gudun hijira. Babu wanda ya gan ta.

A wayar, rahoton kowane mara lafiya yana ƙarewa da tambaya ɗaya: ya warke, ko ya rasu. Ba ya rufuwa sai an zaɓa. Jami'ar ta bar mini wayar, ta ce in jira har mu ji.

Duk Litinin da hantsi wayar tana motsi a jakata, tana tuna mini. An girbe gero. Rahoton Goggo Hajo yana nan a buɗe.