Ladi Mai Ƙosai da Yarinyar da Birona Ya Tsallake

Shekara shida ke nan, a wannan watan, da muka ɗauki Ladi Mai Ƙosai daga unguwar Ali Kazaure a nan Jos muka kai ta makwancinta. Na ce shida ne saboda na tambayi uwargidana. Da zuciyata za a bi, da na ce shekaranjiya ne. Masu karatu su yi mini uzuri idan rubutun ya karkace. Iyakar bokona aji huɗu na firamare, sai 'yan shekarun da na yi ina rubuta sunayen leburori a wurin haƙar kuza. A can na samo sunan Akawu, wanda har yau nake amsa shi da ƙarfi kamar wanda aka ba digiri.

Ladi taubashiyata ce, 'yar wan mahaifiyata, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. Tana kirana Bature Mai Aji Huɗu, ni kuma ina kiranta Ministar Yara. Ranar da ta rasu ce kaɗai na shiga gidanta ban tsokane ta ba, kuma na tabbata da tana iya magana da ta ce na raina ta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ma'aikatar wannan Minista kaskon suya ne da benci guda a bakin titin Gada Biyu. Mataimakiyarta Rifkatu ce, mai sayar da koko a gefenta. Bayan rikicin da ya raba garin nan ya mai da maƙwabta baƙin juna, Ladi ta koma kwana a Ali Kazaure, amma ta hana kaskonta tashi daga inda yake. Ta ce yaran da suka saba zuwa ba su san sabon wuri ba. Duk yaron da aka tashi gidansu ba a hura wuta ba, ya san in ya zo zai sami ƙosai a takarda da koko a kofi. Ba ta tambayar sunan uba, ba ta tambayar ina ake ibada. Sharaɗinta ɗaya ne: in an tashi daga makaranta ka dawo ka nuna mata littafi.

To, Ladi ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Sau da yawa a juye take riƙe littafin. Abin da take nema jan biron malami ne. In ta ga ja, ko maki ne ko gicciye ne, ta san yaro ya je aji. In ba ta gani ba, sai ta kama kunne. Na taɓa ce mata, "Minista, yaron nan fa sifili aka ba shi." Ta ce, "Ai sai da ya je aka ba shi. Kai da ka gudu wa ya ba ka ko sifilin?"

Yanzu nakan zauna in tambayi kaina me za ta ce da ta ga garin nan a yau. Kowace kwana akwai allon wata ƙungiya mai taimakon yara. Ana ta taro a otal, ana raba riga da hula, rediyo kullum maganar haƙƙin yara yake yi. Ba na kushe su, wasunsu suna aiki sosai, na ga yaran da suka sa makaranta da idona. Amma na san Ladi. Da za ta ɗaure ɗankwali ta je taron, ta ci shinkafarsu, ta ƙulle nama a gefen zane don yaran benci, sannan ta ɗaga hannu ta tambaya a cikinsu wa ya san inda yaro ɗaya yake kwana. Wayar hannu kuwa, wadda lokacin rasuwarta sai manya ke riƙewa, da yanzu ta gama da ni. Da kullum sai ta kira ta tambaye ni magana guda, wadda saboda ita na ɗauki biro yau.

Kamar shekara guda kafin rasuwarta, wata ƙungiya daga ƙasar waje, ba zan kama suna ba, ta ji labarin bencin Ladi. Suka ce za su ɗauki nauyin karatun marayu: yunifom, takalmi, littattafai, har su gama firamare. Ƙa'idarsu ita ce a rubuta sunan kowane yaro a fom, kuma uwa ta tabbatar da bakinta cewa ɗanta ne, ubansa ya rasu. Ladi ta ba su sunayen yaran gari, sannan ta ce akwai wata ruga a bayan Kuru inda wata mata mai suna Hajjo, wadda take kawo mata nono, ta rasa miji a rikicin, aka bar ta da yara.

Ranar tafiya ƙafafun Ladi suka kumbura, ciwon da daga baya ya yi ajalinta. Ta aika aka kira ni, tunda ni ne mai Turancin dangi. Ta ce, "Bature, ka raka yaron ofishin nan. Amma ka ji ni da kyau, kar ka tambayi uwa yawan 'ya'yanta. Ka nemi tsohuwar gidan, ko wata maƙwabciya." Na ce, "Minista, ke dai soya ƙosai. Aikin takarda na masu takarda ne."

Ogan da na raka saurayi ne mai kirki, daga kudu aka turo shi, Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Tun daga Jos har Kuru nake zuba masa Turancin kuza a cikin mota, yana gyaɗa kai. Yanzu na gane ladabi ne kawai. A lokacin na ɗauka burge shi nake yi.

Muka isa da hantsi. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin bishiya, maza suka kewaye mu, har da wan mijin Hajjo. Aka kira ta, ta durƙusa nesa, yara uku a bayanta. Na gyara hula, na buɗe fom, na ɗaga murya kamar alƙali na ce, "'Ya'yanki nawa?" Ta ce biyu. Ta faɗi Buba, ta faɗi Aminatu. Na nuna ta ukun, yarinya 'yar kamar shekara tara, siririya, tana tsaye ƙyam, na ce, "Wannan fa?" Hajjo ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai, ta ce, "Ta gidan nan ce."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ya faru. Yarinyar, Dije, 'yar farinta ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, balle Bafulatana a gaban surukai. Kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Ni ma na sani sarai. Ogan ya juyo ya tambaye ni ko 'yarta ce. Na buɗe baki in yi masa bayanin kunya da kara, na laluba cikin Turancina kaf, ban sami ko kalma guda da za ta ɗauki maganar ba. Mutane suna kallona, ni da aka gabatar a matsayin Akawu. Maimakon in ce masa ya tsaya, abin ya fi ƙarfina, a nemo wani, sai na ce, "No, sa." Ya ja layi a takardarsa. Na rubuta suna biyu, muka sha nono, muka shiga mota.

Da na kai wa Ladi rahoto, tana zaune ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta ce in maimaita sunayen. Na maimaita. Ta ce, "Ina Dije?" Na ce uwarta ba ta lissafa ta ba. Ta dube ni ta ce, "Sule." Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinta ba sai ranar. "Gwaggo, uwarka, ka taɓa jin ta ce Audu? Har ta mutu 'wancan' take ce wa wanka. Kenan shi ma ba ɗanta ba ne?" Ta ƙara da cewa, "Aji huɗun ne ya goge maka wannan? To gara ni da ban shiga ba."

Washegari ta hau acaɓa da kumburarrun ƙafafunta ta je ofishinsu. Suka karɓe ta da mutunci, amma suka ce takardun sun riga sun tafi, sai zagaye na gaba. Suka ƙara da cewa dole wanda ya yi tafinta ya zo ya gyara da bakinsa, tunda maganarsa ce a rubuce. Wato ni. In je in tsaya a gaban yaron nan in ce masa Turancina ne ya ƙare.

Ta yi ta bina. In na zo cin ƙosai sai ta ce, "Bature, ka je?" In ce gobe. In ce ana ruwa. In ce ogan ya yi tafiya. Da ciwo ya kwantar da ita na je dubiya, na shiga da wasana na ce Minista ta tafi hutun ƙarshen shekara. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yarinyar nan tana girma, Sule. Makaranta ba ta jiran mutum." Na ce mata wallahi wannan makon. Ta rasu bayan kwana tara, ban je ba. Zagaye na gaba ya zo ya wuce, ban je ba. Daga baya aka mai da ogan wani gari, na ce wa kaina ai yanzu ba wanda zan gaya wa, har na ji wani sauƙi, Allah Ya yafe mini.

Ba abin da ya hana ni sai girman kai na mutumin da bai da abin yi wa girman kai. Na yi tafiya har Legas a kan abin da bai kai wannan ba. Ofishin nan kuwa ko ruwan alwala ba zai bushe a jikina ba kafin in isa.

Rifkatu ce ta riƙe bencin bayan Ladi, ita da 'yar Ladi ta biyu. Watan jiya na bi ta wurin, ta tare ni da ludayi a hannu ta ce, da irin Hausarta ta mutanen Jos, "Akawu, Ladi ya mutu, amma ni ban mutu ba, kuma na ji abin da ya gaya maka. Jibi za mu Kuru. In ka ce gobe zan zuba maka koko a hula." Na bi ta, don na san za ta aikata.

Buba da Aminatu suna makaranta, har Buba ya karanta mini allon motar da muka zo a ciki. Dije ta dawo daga tallan nono muna zaune, budurwa doguwa, ta sauke ƙwarya ta gaishe mu. Ta dube ni ta ce, "Baba, ai na gane ka. Kai ne mai biro." Na ce ni ne. Ta ce, "Ranar na wanke ƙafata, na sa zanen sallata. Da ba a kira ni ba na ɗauka tsawona ne ya yi yawa. Har na riƙa rusunawa in na ga mota ta nufo ruga, ko za a dawo."

Na gaya mata gaskiya a gaban kowa, da Hausa, harshen da ya kamata in tsaya a kansa tun farko. Na ce ba tsawonta ba ne, ba laifin innarta ba ne, ni ne na san gaskiya na faɗi akasinta don kar a ce ban iya ba. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi yi mini ciwo kenan. Ta ce, "Allah bai yi ba, Baba." Na ce yanzu fa, in an samu wuri? Ta yi murmushi ta ce, "In zauna aji ɗaya da masu majina? Bencinsu ma ba zai ɗauke ni ba." Rifkatu ta ce akwai ajin manyan mata da ake yi a wata makaranta kusa da Gada Biyu, ran Talata bayan azahar, daidai lokacin da Dije take gama sayar da nono. Dije ta sunkuyar da kai ta ce za ta gani.

In an ce me Ladi ta bari, ba gini, ba allo mai sunanta. Akwai samari a garin nan, makanikai da teloli da wani malamin firamare, waɗanda in sun wuce Gada Biyu sai sun rage tafiya sun gaida benci. Kuma na ji yanzu masu rubuta sunayen yara a wajejenmu ba sa shiga ruga sai da tsohuwa a motarsu; Rifkatu ce ta dinga yi musu ƙorafi har suka saba. Wannan aikin Ladi ne, ko da ba su san sunanta ba. Allah Ya sanyaya mata makwanci, Ya ciyar da ita fiye da yadda ta ciyar.

Nawa aikin kuwa guda ɗaya ta ba ni. Minista, Talata uku ke nan ina zuwa bakin ajin nan, ina zama a kan dakali, matan suna tambayar ko ni ma rajista na zo yi. Dije ba ta zo ba tukuna. Malamar ta ce za ta riƙe mata wuri har ƙarshen wata. Talata mai zuwa ma ina nan.