Kyamara a Kular Abinci

Ƙanin matata ne ya kashe mini idon kyamara, sannan ya je gidansu ya ce dama can matacciya na ba shi. Ta farkon ɓarna ce, tana samun kowa. Ta biyun ce har yau ta tsaya mini a wuya.

Ni mai hoto ne, shagona yana Pantami. A aji uku na bar sakandare, amma na tsufa a sana'ar nan kuma zafi bai taɓa cinye mini kyamara ba. Wanda ya san bazarar Gombe ya san abin da nake faɗi. Rana tana dafa batir har ya kumbura, robar jiki ta saki, man da ke cikin ido ya narke ya hau gilashi. Shi ya sa in zan sayi kyamara ba na kallon kyanta. Ɗaga ta nake in ji nauyi, in buɗe gidan batir in ga ko marfin yana rufuwa gam. Sauran duk surutun mai sayarwa ne.

Ajiya kuwa, a kular abinci nake yi. Abin da ya hana tuwo hucewa zai hana zafi shiga, ba sai an je jami'a ba. Ina naɗe ta da tsohon rawani, in cusa safa cike da busasshiyar shinkafa saboda danshin damina, in rufe. A haka na kai ta bukukuwa har ƙauyukan bayan Kwadon, ɗaure a bayan babur. Abokan sana'a su yi ta tsokana, "Malam, yau me aka dafa mana?" In ce, "Ku bari bazara ta kama, za ku zo aro." Kuma suna zuwa.

Shi wannan yaro, ƙanin matata, ma'aikacin ofis ne, da digirinsa. Aka tura su Kwadon ɗaukar hotunan gonakin rani, yayarsa ta matsa mini in ara masa kyamarar. Na ce, "Kar ta fita daga kular nan sai za ka ɗauka. Kar ka bar ta a mota. Gilashin kuwa kar ka taɓa shi." Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ka ɗauka yau na fara ganin kyamara?"

Bayan kwana biyu ya aiko mini da ita a wata baƙar jakar fata. Na ɗauki hoto ɗaya na ga kamar ta cikin leda na ɗauka. Na haska gilashin, duk ya karce. Direban ofishinsu, wanda nake yi wa hoton fasfo, shi ya ba ni labari. Wai kunyar kular yaron ya ji a gaban abokan aikinsa, ya mai da kyamarar cikin jaka, ya jefa kular a but ɗin mota. Jakar kuma ya bar ta a gaban mota tun azahar har la'asar. Da ya ga hoto ya yi dishi-dishi sai ya dirje gilashin da hannun rigarsa, shadda mai sitaci, ga yashin gona a jiki.

Na yi niyyar in yi shiru. Sai matata ta dawo daga gidansu a Barunde ba ta ko kallona. Wai Hajiya, surukata, ta ce na ba yaro ruɓaɓɓen abu don in kunyata shi a gaban ogansa. Ni ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi a zaurensu, mahaifinsu yana zaune. Ya tarbe ni da wasan da muka saba, "Yaya, yau ba a zo mana da kula ba?"

Na durƙusa na gaida tsohon, na ce, "Baba, a gafarce ni, magana zan yi da ɗanka." Sannan na juya.

"Akwai wasa tsakanina da kai, amma ba yau ba. Lafiya lau ta bar hannuna, da safen ranar na ɗauki hoton suna da ita. Kai ka gasa ta a rana, kai ka karce ta da rigarka, direbanku yana kallo. Ban yi boko kamarka ba, amma ban taɓa miƙa wa mutum abin da na san ya mutu ba. Ba kyamara na zo nema ba. Tashi ka shiga ciki ka gaya wa Hajiya gaskiya da bakinka. Ina nan zaune, ba inda za ni."