Wa Za a Ba Muryarki?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar darasi, aka leƙo aka ce Allah ya yi miki rasuwa, Malama Dakata. Haka muke kiranki a bayan idonki, don babu binciken da ya taɓa shiga kwamitinki na tantance ɗa'a bai ji "dakata tukuna" ba. Ashe kin sani, har dariya kike yi.

Ba zan manta binciken da muka yi kan mata masu sharar asibiti ba. Abokan aikinmu na wata jami'a a ƙasar waje sun kafa sharaɗi: da an rubuta hira, a goge muryar da aka naɗa. Ana cikin haka wata dattijuwa da muka yi hira da ita ta rasu, tun ba a kai ga goge muryarta ba. 'Yarta ta zo ofishina, ta ce ba ta da komai na mahaifiyarta sai zane, a taimaka ta ƙara jin muryarta.

Na kawo miki maganar raina a ɓace. Kika zuba mini shayi daga tsohon fulas ɗinki, kika ce, "Dakata, ɗana. Baiwar Allah nan ta faɗa maka abin da ba ta faɗa wa 'yarta ba. Amana ce. Amma gogewar ma zalunci ne."

Kika yi ta fama da kwamitin ɗa'a na jami'ar can ta waje. Su ce ƙa'ida, ki ce marainiya. Su turo tambaya, ki amsa, ga ciwo yana cinki, ba mu sani ba. A ƙarshe suka yarda a ba yarinyar farkon hirar kawai, inda tsohuwar ke gaisuwa, tana dariya, tana cewa 'yarta ta fi kowa iya kitso. A ofishinki ta saurara. Kika rufe ƙofa, kika zauna a ƙasa kusa da ita.

Tun daga nan, duk wadda za mu yi hira da ita sai mun tambaye ta: in ta Allah ta kasance, wa za a ba muryarki?

Ke kuwa ba wanda ya tambaye ki. Na laluba wayata, saƙon murya ɗaya na samu, kina yi mini faɗa a kan jinkiri, kika ƙare da "ka gaida yara." Wallahi na yi kuka. Na tura wa 'yarki, na roƙi izininta in riƙe nawa.

Allah ya jiƙanki, Malama, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanki da 'ya'yanki, Allah ya ba su haƙurin rashinki, mu ma ya ba mu.