Baba Maina da Mujiyoyin Rumfar Inji

Kafin rana ta yi zafi, Baba Maina ya riga ya tada injin ban-ruwa na lambunan Cetimari, ya bi magudana a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Sawu yake dubawa a laka. Wannan na bushiya ne, ta sha ƙwari ta ƙoshi, a bar ta. Wancan jan wutsiyar damo ne. Ga na gafiya kuma, ɓarauniyar irin tattasai, kuma nan ne kaɗai za ka ji ya ja tsaki. Mu Damagarawa masu zuwa sayen tattasai a yankin Difa mukan tsokane shi cewa ya san dangin bushiya fiye da nasa. Sai ya ce, "To ai su ba su zuwa neman ragi."

Tun shekarun alif ɗari tara da casa'in haka yake. Bai taɓa sa wa gefen gonarsa wuta ba, yana barin kaba da ciyawa don tunku ya samu maɓoya. Ya kakkafa sanduna tsakanin fangalai saboda shaho ya sauka ya yi farauta. Mata masu tsinkar tattasai, a bakinsa suka koyi bambanta ƙwaron da ke cin ganye da wanda ke cin ƙwaro.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mujiya. Wata shekara mujiyoyi suka yi sheƙa a rufin rumfar inji, ya ƙyale su. Ba a jima ba zazzaɓi ya ɗauke ɗan Ya'u, maƙwabcinsa na lambu. Kowa ya san abin da ake faɗi kan kukan mujiya. Bayan sadakar uku mutane suka zo da wuta don ƙona sheƙar, suka tarar da Baba Maina tsaye a bakin rumfar.

"Kauce, Baba," in ji Ya'u.

"Ya'u, Allah ne ya karɓi abinsa. Mi tsuntsu ya sani?"

Suka juya, amma daga ranar aka daina cin kwano ɗaya da shi a inuwar tsamiya. Dattijon da ya halarci sunan rabin garin ya koma cin tuwo shi kaɗai, ana raɗa masa maita. Matarsa Aisa ta shaida mini har kuka ta yi masa, ta ce ya saki tsuntsayen nan ya riƙe mutuncinsa.

Bai yi cacar baki da kowa ba. Dunƙulen gashin da mujiya ke amayarwa ya tattara a ƙwarya, ya kai gaban bulama, mai garin, ya farfasa su. Kawunan ɓera ne zalla. Bulama ya ce a dakata a ga kaka. Da ɓeraye suka afka wa dashe a shekarar, lambunan nesa sai da aka sake shuka su, na kusa da rumfar kuwa suka yi ja wur, har da na Ya'u.

Ya'u bai iya ba da haƙuri da baki ba. Wata azahar ya ɗauko kwanonsa ya ajiye gaban tsohon, ya ce, "Baba, sa hannu." Na tambayi Maina daga baya ko bai riƙe shi a zuciya ba. Ya ce, "Wanda ya binne ɗa, ba a jayayya da shi. Jiransa ake."

Bana gwiwa ta ƙi, ya miƙa injin ga Laminu, ɗan ƙanensa. Baba Maina, kai ne garkuwar marasa baki a bakin kogin Komadugu. Ka ci tuwo kai kaɗai don kada a ƙona abin da bai yi laifi ba, kuma ba ka zubar da maƙwabci ba. Ina alfahari da na san ka. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Mu kuwa da muka rage a lambu da kasuwa, in wani abu ya gifta a gona, mu tsaya mu duba me yake ci kafin mu ɗaga sanda.