Babur Mai Caji da Hanyar Ƙauyenmu

Ranar da muka je Mabera sayen babur mai caji, ni da yayana muka tsaya gaban guda biyu. Ɗaya ya fi ƙarfi, ɗayan kuma cajinsa ya fi kai mutum nesa. Ni mai ƙarfin ya tafi da hankalina.

Yayana ya ce, "Kai iyakarka Gidan Igwai. Ni kuwa duk Juma'a sai na je ƙauye gaida inna, can kuma babu wutar caji."

Gaskiya ya faɗa. Muka ɗauki mai nisan zangon. Juma'ar farko ya goya ni, muka bi gefen fadamar shinkafa a hankali, babu ƙarar inji. Inna ba ta ma ji isowarmu ba sai da muka yi sallama.