Jitar da Na Ɗinke Kamar Ƙwarya

Yaya mutum zai zauna da ke shekara arba'in da wani abu, bai taɓa gaya miki ya iya kaɗa jita ba? Na gama takaba, na yi kukan da zan yi, ina kan yi ma, amma wannan tambaya ban samu amsarta ba. Ni ban yi karatu ba, ɗiyata ce take rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa.

Maigidana direba ne, auduga yake ɗaukowa daga Tuboro zuwa Garwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗan gidan malamai ne, shi ya sa ko waƙa ban taɓa ji a bakinsa ba. Bayan ya ajiye tuƙi, wata rana da la'asar ya shigo gidanmu na unguwar Pumpumre da abu cikin buhu, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Tsohuwar jita ce, ya saye ta wajen wani dattijon tela. Tsirkiya biyu suka rage mata, tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, bayanta kuma ya tsage kusan taƙi guda.

Na ce, "Malam, itacen girki ka sayo mana?"

Ya ce, "Ina saurayi irinta na riƙe, Baba ya hana. Ina so in ji muryarta kafin yatsun nan su ƙi ni."

A lokacin hannunsa ya soma rawa. Da safe kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu.

Wata uku yana kanta a gindin mangwaro. Ya goge ta da man gyaɗa, ya miƙar da wuyanta, ya sa aka kawo masa sababbin tsirkiyoyi. Tsagar nan ce ta gagare shi. Ya kai wa kafinta, aka sa gam aka ɗaure. To, kowa ya san zafin bazarar Garwa. Kwana huɗu, da ya ja tsirkiya sai mu ji ƙas, ta sake buɗewa. Sau uku ana haka. A na ukun ya mayar da ita cikin buhu, ya ƙi cin tuwo.

Ni kuwa a hannun kakata na tashi, a wani ƙauye kusa da Rai Buba. Gyaran ƙwarya take yi wa mata masu tallan nono. Tun ban kai in ɗauki tulu ba nake hura mata garwashi. Takan sa basilla a wuta, ta huda gefe da gefen tsaga, ta bi da zaren kaba da ta jiƙa, in ya bushe ya matse da kansa, ko ɗigon nono ba ya fita. Ƙaurin ƙwarya da ta sha zafin basilla, shi ne ƙamshin yarintata.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci. Na ciro jitar, na juya ta a cinyata, na ƙwanƙwasa. A kunnena ƙwarya ce kawai mai dogon wuya. Na hura wuta. Sai da na yi huda ta goma gabana ya faɗi, na tuna abin nan ba nawa ba ne, kuma huda ba ta komawa. Haka na ƙarasa, ɗinki ashirin da biyu, na ajiye ta a inuwa.

Da ya dawo ya gani, sai ya juyo gare ni.

"Ke! Wa ya taɓa ɗinke jita? Nono za a zuba a ciki?"

Kwana biyu bai yi mini magana ba, ban da gaisuwa. A na uku zaren ya bushe. Ina tankaɗe na ji yana jan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ina jiran ƙas ɗin nan. Shiru. Sai wani sauti ya tashi, mai kauri, da 'yar rawa a ƙarshensa. Na ajiye rariya. Mijina ne yake kiɗa, yatsun da ba sa riƙe kofi suna tafiya kamar ba su taɓa ciwo ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko rediyo muka saya.

Damina biyu ya yi yana kaɗa ta, ɗinkin bai motsa ba. Kafintan ma ya zo ya duba, ya shafa, ya tafi yana girgiza kai. In baƙi suka tambaya, Malam yakan ce shi ya yi, ni ma in an tambaye ni in ce shi ne, don ba na son a ce matarsa ta fi shi dabara.

Yanzu ƙwaryar nono ta zama roba, ba mai kawo gyara. Jitar tana rataye a ɗakinsa, ban iya kaɗa ta ba, ƙura kawai nake share mata ina kuka.

Da safen da za a kai shi asibiti, tafiyar da bai dawo ba, an riga an sa shi a mota, ya yafito ni. Na sunkuya ta taga, na ɗauka ruwa yake so. Ya ce, "In an tambayi wanda ya gyara ta, kada ki ƙara cewa ni ne. Ki faɗi gaskiya, aikinki ne."